Lasifikar da Yaya Ya Bari a Buɗe

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Yayana ya rasu ranar Talata da safe, bayan ya idar da sallar asuba a zaune, a ɗakinsa na haya a unguwar Aboabo, a Kumasi. Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni kaɗai na rage. Ban yi makaranta ba. Faɗa nake ana rubuta mini, don kada a manta wanda ya zauna a teburin nan na bakin zaure.

Masu ta'aziyya sun yi ta zuwa, kowa da irin nasa. Mai shayin bakin layi ya ce tun yana saurayi Masta ke gyara masa rediyo, bai ƙarasa ba ya fashe da kuka. Masta ake ce wa Yaya, kamar yadda ake ce wa duk mai sana'ar hannu a Kumasi. Wata tsohuwa 'yar Asante daga cocin bayan layinmu ta zo cikin baƙin zane, ta riƙe hannuna tana cewa "due, due", gaisuwar mutuwa ke nan a yarensu. Ba ta jin abin da malamai ke karantawa, amma ba ta tashi ba sai da aka shafa. Samarin da ke kai kayan kiɗa gidajen biki sun zo a jere, sun durƙusa. Babbansu ya kira ni Maame, wato uwa, ya ce, "Masta ya zage mu ba iyaka, amma bai taɓa mayar mana da kaya a mace ba." Liman ya ce mutumin kirki ne. Wannan kowa ake faɗa wa in ya mutu. Wata maƙwabciya ta sunkuyo ta tambaye ni wa zai gaji teburin. Na dube ta, ta kama bakinta.

Abin da yawancinsu ke so su tambaya suna jin nauyi shi ne, wai da gaske ne ranar da ya rasu na bar tabarmar mata, gawa tana ɗaki, na je na hura gawayi a teburin aikinsa? Da gaske ne. Wasu sun ga laifina. Zan faɗi dalili, a ciki za a san ko wane ne Yaya.

Mu ba 'yan asalin nan ba ne. Daga ƙasar Tawa muka taso a shekarar fari, ina goye, Yaya ya fara tasawa. Mahaifinmu bai iso Kumasi ba. Ya faɗi a hanya, a wani ƙauye da har yau ban san sunansa ba. Direban motar da muka hau da yaronsa da wani manomi da ya ba da aron fartanya, su suka yi masa salla, Yaya yana tsaye a gefensu. Ni ban tuna ba. Shi bai manta ba. Sau ɗaya ya ba ni labarin, muna manya. Ya ce, "Sahun bai kai faɗin tabarma ba."

Saboda haka duk lokacin da lasifikar masallaci ta sanar da rasuwa, ya san mamacin ko bai sani ba, sai ya ajiye ƙarfe, ya rufe aiki da tsumma, ya yi alwala. Mai kaya yana tsaye yana jira, ba ruwansa. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan ko sunansa ba ka taɓa ji ba." Ya ce, "Shi ya sa." Ya bi gawar ɗan dako. Ya bi ta mahaukacin da ke kwana a tasha. Ya bi ta baƙon da ya mutu a ɗakin haya kafin a san garinsu. Da ƙafa ta gaza masa, a bayan mashin ake kai shi maƙabartar Tafo. Da wannan ma ya gagara, sai ya zauna a zaure yana tambayar masu dawowa, "An samu mutane?" Bai taɓa gaya mini yana tsoron nasa sahun ba. Ba sai ya faɗa ba. Ba mu da dangi a garin nan sai ɗansa, matarsa ta riga shi, sa'o'insa sun tsufa ko sun tafi, kuma ya daɗe bai fita layi ba.

Masallacin layinmu ƙarami ne. Lasifikarsa ɗaya ce, irin mai bakin kakaki da ake ɗaurewa a saman rufi. A bayan kakakin akwai dunƙulen ƙarfe mai nauyi, shi ne kan lasifika, a cikinsa murya take fitowa. Tsoho ne, an daina sayar da kayan cikinsa a shagunan Alabar da ko'ina. Yaya ne ya riƙe shi da rai. Shi ne kuma ya haɗa wa masallacin batirin mota. Idan aka ɗauke wuta, abin da muke ce wa dumso, masallatan kewaye duk su yi shiru, namu ya ci gaba da kira.

Ranar Litinin da la'asar ladan ya shigo zaure rungume da kan lasifikar. Bamoshe ne, abokin Yaya, sun tsufa suna tsokanar juna.

"Masta, abinka ya fara tari. In ce Allahu, sai Akbar ɗin ya ɓace."

"Ba tari yake ba. Muryarka ce ta ishe shi."

"Kai Bahaushe, ba don muryata ba da rana za ta same ka a kan katifa."

"Ajiye shi a hankali, ba buhun doya ba ne."

Yaya ya sa tabarau, ya kwance murfin baya da sukudireba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira ni. "Zo ki gani." A ciki akwai faifai mai kama da rabin ɓawon ƙwai. A ƙarƙashinsa akwai waya siririya kamar gashi, an naɗe ta an manne da gam, masu gyara na ce mata koyil. 'Yan wayoyi biyu sun fito daga koyil ɗin zuwa ƙafafu biyu na ƙarfe, an liƙe su da dalma. Ɗaya liƙin ya dushe ya tsage, wayar tana taɓawa tana saki.

"Nan ne kawai," in ji shi. "Koyil lafiyarsa ƙalau."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya duba. Yana rawa. Da yamma haka yake yi masa, da safe ya kan lafa.

"Yanzu hannun ba nawa ba ne. Gobe da safe, in Allah Ya kai mu."

Ladan ya ce, "To asubar gobe da baki zan kira?"

"Da me kakanninka suka kira?"

Ladan ya fita yana dariya yana cewa kakanninsa sun fi na Yaya murya. Yaya ya kife ƙwarya a kan lasifikar don ƙura, ya bar ta a buɗe.

Sai na faɗi yadda aka yi mace mai sayar da koko ta san cikin lasifika. Mijina ya mutu a hatsarin babbar mota a hanyar arewa. Ban gama fita takaba da daɗewa ba gobara ta cinye rumfata a kasuwa da duk abin da na mallaka. Yaya ya zo ya ɗauke ni, ya ba ni ɗakin kusa da nasa. Bai ce mini sannu ba. Ba ya cikin masu faɗar irin wannan. Na yi kwanaki a ɗaki, ba na magana, abinci sai an matsa mini. Wata safiya ya buga ƙofa ya ce, "Fito ki riƙe mini nan, hannuna bai isa ba." Ya miƙo mini 'yar ƙaramar filaya. A lokacin hannunsa lafiya lau, ya yi shekaru yana wannan aiki shi kaɗai, yana ɗaure filayar da roba. Na gane. Ban nuna na gane ba. Na riƙe. Washegari ya sake kira. A haka na dawo cikin mutane, na fara dama koko a ƙofar gida. Daga baya da hannun ya fara rawa da gaske, riƙon nawa ya zama dole.

Ga yadda yake yi. Ba ya amfani da ƙarfen lantarki, wuta a garin nan ba ta da alkawari. Nasa ƙarfen na da ne, bakinsa jan ƙarfe, ƙotarsa itace, a kurfotin gawayi yake gasa shi. Ya ce akwai maganaɗisu mai ƙarfi a cikin kan lasifika, yana fizgar baƙin ƙarfe, amma ba ruwansa da jan ƙarfe. Filayar ita yake fizga, shi ya sa mai riƙe ta sai ya dafe gwiwar hannu a tebur. Da farko ya kankare ƙafar da reza har ta yi ƙyalli. Ya shafa mata wani ƙaro mai ƙamshi da ke sa dalma ta kama. Ya jiƙa auduga, ya matse ta sosai, ya kwantar a gefen faifan. Ni kuma in cafke 'yar wayar da filaya tsakanin wurin liƙi da koyil, don zafin da zai bi waya ya shige filaya, kada ya kai ga gam. In zafi ya kai can, gam ya narke, koyil ya warware, shi ke nan, babu gyara. Sannan ya ɗauko ƙarfe, ya kusanta shi da kuncinsa ya ji zafin, ya goge bakin, ya ɗauki ɗigon dalma. Ƙafar yake taɓawa, ba wayar ba. Agogonsa Bisimilla ce. Yana ɗora ƙarfe sai ya fara, kafin ya kai "Rahim" ya ɗaga. In bai kama ba, ba ya ƙarawa, sai ya jira wurin ya huce. In ya ɗaga kuma ba a hurawa, ba a motsi, sai dalma ta daskare da kanta.

Mutum ne mai zafin baki. Wanda ya kawo masa kayan da wani ya taɓa ya lalata, sai ya sha faɗa kafin a karɓa. Samarin kiɗa ya kan ce musu, "Ku da kunne ba ku da shi, sai yatsan ƙara murya." Ba ya cin abinci a tebur, ba ya yarda a ajiye masa kofi kusa da aiki. Goro yake ci, sai in zai yi liƙi ya tofar, ya ce tauna tana girgiza hannu. Bai taɓa tambayar mai kaya addininsa ba. Lasifikar coci da ta masallaci tebur ɗaya suke hawa, layi ɗaya suke bi.

A kan lasifikar cocin nan ne suka ɓata da ɗansa. Ɗa ɗaya gare shi, sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka ni ba na faɗar sunan, Babana nake ce masa. Tun yana ƙarami yake zama a tebur, kuma yana da hannu. Ya zama saurayi, wata rana Yaya ya tafi jana'iza, tsohuwar nan 'yar Asante ta zo neman lasifikarsu, suna da taro. Irin wannan liƙin ne. Ɗan Yaya ya ce zai yi. Ya ji tsoron zafi, ya cire ƙarfe daga wuta bai gama gasuwa ba. Dalma ta ƙi narkewa, ya yi ta dannawa yana jira. Da Yaya ya dawo, tun daga ƙofa ya ji ƙauri. Koyil ya ƙone.

A gaban matar da mutanen layi ya ce masa, "Wannan hannun na sitiyari ne ko na dako. Tashi mini daga tebur."

Ya tashi. Bai sake zama ba. Ya je tasha ya zama yaron mota, yau direban trotro ne, motar haya ta cikin gari, yana da mata da 'ya'ya, furfura ta fara fito masa. Ba su yi gaba ba. Yana zuwa gaisuwa, yana kawo magani, yana ɗaukar mahaifinsa zuwa asibiti. Amma in ya shigo zaure sai ya bi ta jikin bango, ba ya ko duban teburin. Yaya kuwa ya yi ta yawo har ya samo wa cocin wani kan lasifika, ya haɗa musu da hannunsa. Bai taɓa ba ɗansa haƙuri ba. Ni kaɗai ya gaya wa wata magana a kan ranar, ya ce in bar ta a cikina.

Ranar Talata na kai masa koko, na same shi jingine da bango a kan sallaya, carbi a cinya. Na taɓa shi. Na rufe masa ido, na gyara masa kwanciya, na aika a kira liman da ɗansa. Babu wuta a unguwa tun kafin gari ya waye.

Mata suka cika tsakar gida. Liman ya ce za a yi salla bayan azahar. Ladan ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi sanarwa da baki, muryar ba ta wuce mai shayi ba. Ya aika masallatan kewaye, duk suka ce dumso ne, sai wuta ta dawo. Ina zaune a tabarma ina jin trotro da mashina suna kwashe mutane zuwa kasuwa. Wanda ya shiga hayaniyar kasuwa ba ya jin labarin unguwa sai yamma.

Ɗan Yaya ya zo ya durƙusa a gabana, idonsa ja.

"Gwaggo, na tura a waya."

"Wa ka tura wa?"

"Direbobinmu. Da mutanen matata a Accra."

"Tsoffin Alabar fa? Masu goro? 'Yan dako?"

Ya ce ba shi da lambarsu.

"Mutum nawa suka ce za su zo?"

"Suna ta turo addu'a."

Na tashi. Na ɗauki kurfoti na zuba gawayi. Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Mai koko, gawa tana ɗaki kina hura wuta?" Na ce ba abinci zan dafa ba. Na wuce zaure, na ɗage ƙwarya. Komai yana nan yadda ya bari, reza, ƙaro, auduga, filaya. Na cusa bakin ƙarfen cikin gawayi na fara fifita.

Ladan ya biyo ni. Ya ce ko a kira masu gyaran waya na bakin titi. Na ce ƙarfensu na lantarki ne. Ya zauna a benci ya riƙe kai.

Na ƙwala kira. "Babana!"

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Zo ka zauna."

"Gwaggo, ni ba na taɓa wannan ƙarfen."

"Ni filaya na iya. Ban taɓa riƙe ƙarfe ba. Aikin kuma na mutum biyu ne."

"In na ƙona fa? Ba a samun irinsa."

"In ka ƙona ya mutu. In ba ka taɓa ba, yanzu ma a mace yake."

Bai motsa ba. Ƙato ne, kafaɗarsa ta cika ƙofa, amma tsaye yake kamar wanda aka kama da sata. A cikin gida an fara ɗebo ruwan wankan gawa, ina jin ƙarar bokiti. Sai na fito da maganar da aka ce in bari a cikina.

"Mahaifinka ya ce laifin ranar nan nasa ne. Kullum yana ce maka ka ji tsoron zafi, bai taɓa gaya maka ƙarfe mai ɗumi-ɗumi ya fi ƙona koyil ba, don shi ne ke sa mutum ya daɗe a kai. Ya ce hannunka ba shi da laifi, koyarwar ce ta zo rabi."

"Shi ya faɗa?"

"Ka taɓa jin na yi wa mutum ƙarya don ya ji daɗi?"

"Me ya hana shi gaya mini?"

"Halinsa. Ka san shi. Zauna, gawayi yana ci."

Ladan ya ɗago kai ya ce, "Zauna, ɗana. Taurin kan nan naku na gado ne, yau ka ajiye shi."

Ya shigo. Ya tsaya a gaban kujerar mahaifinsa, bai zauna a kai ba, ya jawo benci. Ya goge hannunsa a wando. Na miƙa masa reza. Ya kankare tsohuwar dalmar daga ƙafar a hankali, ya karkata kan lasifikar don kada ɓurɓushi ya faɗa ciki. Ban gaya masa ya yi haka ba. Ya shafa ƙaro. Na jiƙa auduga na matse, na kwantar. Na dafe gwiwar hannuna a tebur, na kai filaya, maganaɗisu ya fizge ta, na riƙe. Na cafke 'yar wayar, na kwantar da bakinta a kan ƙafar.

Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙarfe.

"Bai yi ba. Bari."

Muka jira. Wannan jiran ya fi komai wuya. Rana tana hawa, layi yana ta raguwa. Hannuna ya fara sanƙarewa, amma ban saki ba, don in na saki sai an sake saiti. Ladan yana jan carbi. Liman ya leƙo, ya ga abin da muke yi, ya koma.

"Yanzu ɗauka. Kai shi kusa da kuncinka."

Ya kai, ya janye kai da sauri.

"Haka ake so. Goge bakin. Taɓa dalma."

Dalma ta narke nan take, ta kwanta a bakin ƙarfen tana ƙyalli. Ya matso da shi kusa da aikin. Na ce ya jingina ƙaramin yatsansa a gefen tebur. Ya jingina.

"Ƙafar za ka taɓa, ba wayar ba. Ni zan yi Bisimilla. Ina kai ƙarshe ka ɗaga, ko ya kama ko bai kama ba."

"To, Gwaggo."

Ya ɗora. Na fara. Hayaƙin ƙaro ya tashi. Dalma ta gangara ta rufe bakin wayar. Na ji ɗumi yana hawowa ta filaya zuwa yatsuna. Na kai ƙarshe, ya ɗaga. Ya tara iska a baki zai hura.

"Kada ka hura!"

Ya haɗiye. Muka tsaya haka, ba mai motsi, har ƙyallin ya lafa. Na saki filaya a hankali. Na cire auduga, na sunkuya na shinshina. Ƙamshin ƙaro ne kawai, babu ƙauri. Liƙin bai yi kyau ba, ya yi tudu a gefe guda. Da Yaya ne da ya yi magana. Amma na taɓa wayar da tsinke, ba ta motsa ba.

A aljihun tebur akwai ƙaramin batir na tocila da Yaya ke gwaji da shi. Ɗan Yaya ya ɗauko, ya haɗa waya ɗaya a gindinsa, ya taɓa ɗayar a kansa. Faifan ya ce ƙas. Ya sake taɓawa. Ƙas.

Ladan ya miƙe tsaye. "Allahu Akbar! Yana da rai!"

Ɗan Yaya ya mayar da murfi, ya ɗaure. Ya rungumi kan lasifikar ya fita, ladan yana bin sa yana cewa a kawo tsani. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallon sa a saman rufin masallaci yana murɗa shi a bayan kakaki. Ya ɗaga hannu. Sai na ji an buga makirfo da yatsa, ƙarar ta cika layi.

Ladan ya yi salati. Ya ce Allah Ya yi wa Masta mai gyaran lasifika na Aboabo rasuwa, za a yi masa salla bayan azahar a masallacin layi. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Mosanci, ya faɗa da yaren Asante. Ya huta ya sake. Babu kalmar da ta ɓace. Na ga wani mai mashin ya tsaya a tsakiyar titi ya kashe inji yana saurare. Na ga mai kanti da ya fara buɗe ƙofa ya mayar ya rufe. Masu trotro da ke lodi suka ji, suka tafi da labarin Alabar da tsohon Zango da cikin kasuwa.

Tun kafin azahar suka fara isowa. Tsoffi da sanduna, masu goro, mahauta da wuƙaƙensu a naɗe, 'yan dako, direbobi, samarin kiɗa. Ruwan alwala na masallaci ya ƙare, na sa aka fitar da durom ɗin da nake dama koko da ruwansa, shi ma ya ƙare, maƙwabta suka fito da nasu. Mutanen coci suka tsaya a gefe a ƙarƙashin inuwa, hannu a ƙirji. Da aka fito da shi a makara aka ajiye, liman ya ce a daidaita sahu. Sahu ya cika gaban masallaci, ya tsallake kwata, ya wuce teburin mai shayi, ya kai titi, har motoci suka riƙa juyawa suna neman wata hanya. Yawancin fuskokin ban san su ba.

Mata ba ma zuwa maƙabarta. Daga ƙofar zaure na ga an ɗaga makara, tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kowa yana so ya taɓa, ɗansa yana gaba. Na bi su da ido har suka sha kwana. Layi ya yi tsit.

Na koma cikin gida. Matan suka matsa suka ba ni wuri a tabarma, har wadda ta yi mini magana da safe. Na zauna, na miƙe ƙafa, na ja mayafi na rufe fuska. Sai a lokacin na yi kuka.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya sanyaya masa makwanci. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau.